Robar Man da Larai Ta Haɗa Miki

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Auta.

Ina fata kin sauka lafiya, kin samu ɗaki, kin samu abokan zama masu tsoron Allah. Ya gajiyar mota, ya baƙunta? Allah Ya tsare min ke a inda idona ba ya kaiwa, Ya raba ki da mugun ji da mugun gani, Ya ba ki abin da kika je nema Zariya. Amin.

Kin san ni da rubutun waya, da yatsa ɗaya nake dangwalawa, in kin ga wata kalma ta karkace ki miƙe ta da kanki. Na so in kira ki, to amma na san halinki, da na ce fuska za ki ce Umma ana kiranmu, ki katse. Shi rubutu kuwa yana nan zaune, ko yau ko gobe sai kin karanta.

Gidan nan ya yi min girma Auta. Babanku ya bi motar shanu kudu, ya ce sai sun sayar. Jiya na tuƙa tuwo na kwashe har da malmalarki, sai da na ɗauko kwanonki mai murfi sannan na tuna. Na zauna na ci nawa a bakin murhu, ko tabarma ban shimfiɗa ba. To ba wannan ya sa na ɗauki waya ba.

Ɗazu da hantsi Larai mai haɗin man shafawa ta shigo yi min ya kewa. Ta sha ruwa, muna ta hira, can sai ta ce, "Ai Umman Auta ki kwantar da hankalinki, 'yarki ba za ta ji kunya a birni ba. Na haɗa mata na musamman, babbar roba, har da man bututun nan na matsawa mai ƙarfi na zuba a ciki. Kafin ta zo hutu ƙurajen nan sun mutu, ke kanki sai kin tambaya 'yar wa ce."

Na ce, "Wace roba kuma?"

Ta ce, "Au! Ba ta gaya miki ba?" Sai ta kama gyaran mayafi, wai ta bar tukunya a wuta.

Ban yi fushi ba Auta, wallahi ban yi ba. Na dai zauna a inda ta bar ni har inuwa ta gudu daga kaina. Abu ɗaya ya sanyaya min rai, kafin ta fita ta ce kin ce ba za ki fara shafawa ba sai kin gama rajista kin natsu. Wato robar tana ƙasan akwatinki ba ki buɗe ba. Shi ya sa nake sauri da wannan yatsan nawa. Kar ki buɗe ta. Ki bari ki ji ta bakina tukuna, in na gama ki yi hukunci da hankalinki, ai kin fi ni karatu.

Ni ma ina kamar shekarunki, ko ban ma kai ba, muna garinmu Babban Mutum, ƙurajen suka feso min. Goshi, kumatu, haɓa, har gadon baya. Akwai taubashina Sale, Allah Ya jiƙansa, in ya hango ni zan tafi rijiya sai ya ɗaga murya, "Binta, wa ya shanya gero a goshinki? Rufe mana kar kaji su biyo ki!" Ni kuma in ce, "In gero ne ai ga kunnuwanka nan, sun isa faifan bakace." Mutane su yi ta dariya, ni ma in yi. In na koma gida in shige ɗaki in kifa kai a gado. Tsofaffi kuwa cewa suke na aure ne, ranar da aka kai ni ɗakina za su tafi. An kai ni Dutsi, sun biyo ni a cikin kayan.

Kakarki Inna ita cewa ta yi datti ne, ba na cuɗa fuskata da kyau. Na yarda da ita. Na samu soso sabo mai kaushi da sabulun salo, in dirje fuskar nan safe, rana, yamma, duk sanda na wuce ta wajen randa. Wata ta ce in haɗa toka da lemon tsami, na haɗa. Wata ta ce kanwa, na jiƙa na shafa. Fuska ta yi ja tana raɗaɗi kamar an watsa min barkono, ni kuwa ina murna wai magani ne yake aiki. Har ruwan rijiyar Kusugu Inna ta taho min da shi a 'yar jarka da suka je Daura gaisuwar rasuwa. Shi kam bai cuce ni ba, ruwa ne mai sanyi, amma ƙurajen ko gezau.

Sai da na haife ku duka sannan wata likitar fata a Katsina ta zaunar da ni ta gaya min abin da yake kawo su. Zan zo kan yadda aka yi na je wurinta. Ta ce duk inda gashi yake fitowa a jiki, ko ɗan siririn da ido ba ya gani, akwai 'yar ƙofa. A ƙarƙashin ƙofar akwai wata 'yar jaka mai yin maiƙo don kar fata ta bushe. In mutum ya fara girma sai wasu sinadarai su taso a jininsa, su sa jakar nan ta yi ta zubo maiƙo ba ƙaƙƙautawa. Ga kuma matacciyar fata da take saɓulewa kullum ba mu sani ba. Su biyun su cakuɗe su toshe ƙofar, kamar dai yadda dusa da ruwan wanke-wanke suke toshe mana kwatar tsakar gida. In ta toshe, akwai ƙwayoyin cuta da dama can suna zaune a fatar kowa, sai su samu abinci su yi yawa, wurin ya kumbura ya yi ja ya tara ruwa. Ta ce toshewar daga ciki take, soso ba ya kaiwa can, sai dai ya ƙara fusata fatar.

Na ce, "To likita, ba baki aka yi min ba?"

Ta ce, "Baiwar Allah, in baki ne to rabin 'yan matan garin nan an yi musu." Ta ce abin yana bin jini, in uwa ko uba sun yi, ɗa ma yakan yi. Kin ga naki daga wurina kika ɗauko, yayunki maza ba su ɗauka ba sai ke. Ta ce ga mace yakan taso in al'ada ta kusa, na san kin lura da wannan. Damuwa da rashin barci ma suna ƙara masa ƙarfi, to ki sani lokacin jarrabawa zai iya tasowa, kar ki firgita. Kuma ba a ɗaukarsa a wurin wani, ba a shafa wa wani. Duk wadda ta ƙi haɗa kofi da ke a ɗaki saboda fuskarki, rashin sani ne yake damunta.

To ke wanki biyu ya ishe ki, safe da dare, sabulu mara ƙarfi mara ƙamshi, da tafin hannunki kawai. Ki dangwale ruwan da tsumma mai tsabta, kar ki goge. Ni har alwala na tambaye ta, na ce mu da muke wanke fuska kowace salla fa? Ta ce ruwa zalla ba ya komai, sabulun ne kar ya zama kowace alwala. Ki riƙa wanke hijabinki da rigar matashinki a kai a kai, nan gumi da mai suke taruwa.

Sai matsa. Wannan kam ni na yi ta fiye da kowa. Ina da wani ɓallin madubi, in na gama aiki in zauna bayan rumbu in yi ta matsa. Wanda bai nuna ba in ɓalle ƙayar aduwa in tsokane shi. Daɗi nake ji in na ga ya fito, ina ganin na rage. Ashe rabi ne yake fitowa, rabi ya fashe ta ciki ya ƙara nisa. Ramukan nan da kike gani a kumatuna, waɗanda kina ƙarama kike sa yatsa kina cewa Umma wa ya cije ki, duk aikin hannuna ne. Shi ƙurji in an ƙyale shi yana zuwa ya wuce. Ramin kuwa ga shi nan har yau. Kuma mu masu duhun fata, duk inda aka taɓa sai ya bar baƙin tabo da zai yi wata da watanni. Na sha ganinki kin juya kyamarar waya kina kallon haɓarki da farce a kai. Auta ki zauna a kan hannunki in ya kama. In kin ji yana miki zugi, ki sa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi ki ɗora, shi ke nan.

Akwai kuma man shanu. Wata Bafulatana mai kawo mana nono, mutuniyar kirki, ta ga fuskata ta bushe saboda toka, tausayi ya kama ta, ta ce in riƙa kwana da man shanu. Na lafta shi. Kin ga mutumin da maiƙo ya yi wa yawa ya je ya ƙaro wani. Ga man kitso, mu lafta a kai mu ɗaura ɗankwali, rana ta narkar da shi ya gangaro goshi. Shi ya sa goshina ya fi ko'ina. Ke ma kina son man kitson nan mai kauri. Ki rage, kuma kar ki bari ya sauko gaban goshi. In za ki sayi man fuska ko hoda, ki ce a ba ki wanda ba ya toshe fata, mara maiƙo.

Abinci ma na wahalar da kaina a kai. Aka ce gyaɗa ce, na bar gyaɗa, na bar ƙuli-ƙuli, ni da na tashi a gidan da ake noma ta. A yi kunun gyaɗa da azumi ina kallo ina haɗiyar yawu. Da na gaya wa likita sai ta yi dariya ta ce ba a tabbatar da laifin gyaɗa ba. Ta ce in ma akwai abin lura to yawan zaƙi ne, su lemon kwalba da alewa da kayan fulawa, wasu kuma madara tana taso musu da shi. Kowa ya lura da jikinsa. Amma ta ce barin abinci kaɗai ba ya warkar da mai yawa irin nawa. Shekarun da na yi ban ci ƙuli-ƙuli ba a banza, har yau in na tuna sai na ji haushi. Ke ki ci abincinki, kar ki je ki rame min a makaranta.

To yanzu ga maganar robar.

Lokacin an yaye ki, wata mata ta riƙa yawo gida-gida a Dutsi da jaka, tun kafin Larai ta fara nata. Ta dube ni ta ce, "Haba 'yar uwa, kina da kyanki kin bar wannan abu ya ɓata ki?" Rabon da wani ya ce ina da kyau na manta. Na karɓi robarta. Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, ya yi aiki. Nan da nan jan ya kwanta, kumburin ya sace, fuska ta yi sumul ta yi haske. Na je gidan suna, mata suna ta juya ni, "Binta me kike shafawa?" Babanku ma da ba ya magana ya shigo ya tsaya ya ce, "Yau kuma wace baƙuwa muka yi?" Na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Ina gaya miki wannan don na san in kika shafa ke ma haka za ki gani da farko, sai ki ce Umma ba ta san komai ba.

Ranar da robar ta ƙare aka fara. Fuska ta ɗau zafi, ta yi ja, ƙuraje suka dawo sun ninka na da. Na aika aka nemo matar, ta ce ai ba a bari. Na ci gaba. Roba bayan roba. A hankali fatar ta yi siriri har ana ganin jijiyoyi. In na tsuguna hura wuta sai in ji kamar fuskata ce a kan murhun. In na kai abinci gona in dawo kamar an ƙona ni. Wani gashi ya fara tsiro min a gefen kumatu. Wasu ƙananan ƙuraje iri ɗaya suka bi ko'ina kamar ƙaiƙayi. Sai kuma kumatun da suka yi haske suka fara komawa baƙi, baƙin da ya fi nawa na asali, shi ne wannan da kika taso kika gani. In na bari wuta, in na shafa wuta.

Babanku ne wata safiya ya dube ni ya ce, "Ɗauko mayafinki mu tafi Katsina." Muka bi layi, aka tura mu wurin likitar fata. Ta ɗaga haɓata ta juya ni wajen taga ta ce, "Me kike shafawa?"

Na ce, "Ba komai."

Ta ce, "To shi ba komai ɗin, a wace irin roba yake zuwa?"

Kunya ta kama ni, babanku ya sunkuyar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa. Ita ta gaya min cewa na matsawar nan da ake zubawa a haɗi magani ne na gaske, mai ƙarfi, na wasu cututtukan fata daban, likita yake bayarwa na ɗan lokaci ya tsayar. Aikinsa kwantar da kumburi, shi ya sa kake ganin ka warke. Amma in aka daɗe ana shafa shi a fuska yana cinye kaurin fata, kuma shi da kansa yana haifar da ƙuraje. Sauran abubuwan sa haske da ake zubawa, wani in ya daɗe baƙi yake bari wanda ba ya fita, wani ma yana ratsa fata ya taɓa ƙoda. Ta ce abin tsoron, ita mai haɗawar ma ba ta san me yake ciki ba. Ni ban ce Larai muguwa ce ba, tana sonki, kuma abin da take sayarwa shi take shafawa. In kin zo hutu ki dubi kumatunta a rana, ba a cikin ɗaki ba.

In kuma kin riga kin fara ba ki gaya wa Larai gaskiya ba, kar ki ɓoye min, kar ki ɓoye wa likita. Barinsa yana da wuya, fuska takan yi bore, likita ne ya san yadda zai sauke ki a hankali. Ni na sha wannan boren, ba na so ki sha.

Abin da ya fi ba ni takaici Auta, ashe duk shekarun nan magani yana nan a asibiti. Hawa-hawa ne, gwargwadon yadda abin ya yi wa mutum. Sunayensu sun fi ƙarfin bakina, amma zan kwatanta miki yadda na san su.

Akwai na shafawa mai kashe ƙwayoyin cutar nan. Yana ɗan busar da fata da farko. Ki yi hankali da shi da kaya, yana cin launi, ni ya ɓata min shuɗin hijabina ya yi dabbare-dabbare. Akwai wani na dare, shi aikinsa buɗe ƙofofin da suka toshe ya hana sababbi toshewa. Kamar ƙwayar wake ake lakata a shafe fuskar duka, ba a kan ƙurji kaɗai ba. Ni da na ga ɗan mitsitsi ne na raina shi, na lafta da yawa don in yi sauri, na wayi gari fuska tana saɓa. Yawan ba ya ƙara sauri. Shi wannan ba ya shiri da rana, za a ce ki riƙa shafa man kariyar rana da safe, ki shafa, yana kuma taimakon baƙin tabon.

Ga wani kuskuren nawa. Na fara shafawa, sai na ga kamar ma ƙaruwa suke, na ce wannan likita ba ta san aikinta ba, na jefa maganin a kwalla na rufe. Da muka koma ta ce, "Hajiya, in kin shuka gero yau, gobe kike zuwa da lauje?" Ta ce sai an yi wata biyu zuwa uku ana yi kullum kafin a ga canji na sosai, kuma da farko yakan yi kamar ya ƙaru. Na koma na fara daga farko. Wannan karon na daure, kuma suka kwanta. Ke da na sani da gajen haƙuri, nan ne nake jin tsoronki. Haɗin Larai zai nuna miki haske kafin sati ya zagayo, na asibiti zai sa ki jira. Ki jira.

In na shafawa bai isa ba, akwai na sha, irin maganin kashe ƙwayoyin cuta, na 'yan watanni ne a tsayar, kuma tare da na shafawar ake yi. Wanda aka ba ni an ce in sha da ruwa cikakken kofi, kar in kwanta a take. Kar ki je kemis ki ce a ba ki kafso don wata a ɗakinku ta ce shi ta sha. In ana shansa barkatai yakan daina aiki, ranar da ciwo na gaske ya zo a rasa abin ba ki. Mata kuma wani lokaci akan ba su maganin da yake daidaita sinadaran jinin nan, musamman mai tasowa da al'ada, ko in al'adar ma tana rikicewa. In taki tana wasa ki faɗa wa likita, kar ki ce kunya, wani lokaci abin haɗe yake. Sai na ƙarshe, mai ƙarfin gaske, na masu manyan ƙurajen nan masu zurfi da ciwo masu barin rami. Shi likitan fata kaɗai yake bayarwa, ana yi ana duba jini, yana busar da leɓe sosai. Kuma mai ciki ko mai shirin ɗauka ba ta kusantarsa, yana nakasa abin da yake ciki. Na daren nan ma da wasu na shan mai ciki ba ta amfani da su. Ni sai da ta tambaye ni a gaban babanku ko ina da ciki, na rasa inda zan sa kaina. Ke yanzu karatu kike, amma ki riƙe wannan saboda gaba.

Nawa ƙurajen sun tafi. Ramukan da baƙin ne ta ce an makara, za a iya ragewa amma ba za su koma kamar da ba. Taki fatar kuwa har yanzu lafiyarta ƙalau a ƙarƙashin ƙurajen, ba rami ko ɗaya, na duba ranar da nake miki kitson tafiya.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi min nauyi, na yi ta kewaye-kewaye ban faɗa ba.

Ɓuya. Ni na ɓuya Auta. Ina da ƙawa Delu, tare muka tashi, tare muke zuwa rijiya da islamiyya. Ranar kamunta wani ƙaton ƙurji ya fito min a gefen hanci, na ce kaina yana ciwo, ban je ba. Ta aiko, ban je ba. Bikin wata ma haka, sunan wata ma haka. Kullum ina cewa bari fuskar ta gyaru tukuna. Mutane ba su yi fushi da ni ba, sun dai saba da rashina. Aka daina aiko min goro. Aka daina cewa ina Binta. Da fuskar ta zo ta lafa, na ɗaga kai na ga kowa ya yi nisa da abokan tafiyarsa. Ku ne kuka zama ƙawayena, ke musamman. Yau ga shi kin tafi, na zauna ina tunanin gidan wa zan shiga in yi hira in rage yini, ban samu ko ɗaya da zan shiga ba tare da an ce lafiya ba.

Ke kuma tun lokacin korona kika samu takunkumin nan. Kowa ya cire nasa ya manta, ke kika riƙe. Da shi kike zuwa makaranta, da shi kike zuwa kasuwa, in an yi baƙi ki ɗauki abincinki ki shige ɗaki don kar ki cire a gabansu. Ina gani ina shiru, don na san abin da ake ji. Shi kansa yana riƙe gumi yana gugar haɓa yana ƙara miki su. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Yanzu ne ake ƙulla ƙawance a wurin nan, a 'yan kwanakin farkon nan, kowa baƙo ne kowa yana neman wanda zai zauna kusa da shi. In suka ce zo mu ci abinci kika ce kin ƙoshi, gobe ma haka, jibi ba za su kira ba. Ki cire ki ci da su. Wata za ta kalla, wata ma za ta yi magana, ki ba ta amsa ki ci gaba da cin abincinki. Da yawansu in kin duba su ma suna da nasu a ƙarƙashin hoda.

Ga abin da nake roƙonki. Ki je asibitin makaranta ki yanki kati, ki ce ƙurajen fuska suka kawo ki. Ciwo ne kamar kowane ciwo, ba wanda zai ce kin zo da wasa. In sun ga ya fi ƙarfinsu ki ce su tura ki wurin likitan fata. Robar nan kar ki ba wata, kar ki zubar tukuna, ki tafi da ita a rufe ki ajiye a gaban likita ki ce ga abin da aka ba ni. Ki ji abin da zai ce da kunnenki, ba sai ta bakina ba.

In kuma kin ji ba za ki iya zuwa ke kaɗai ba, ki faɗa min ranar. Ban taɓa zuwa Zariya ba, ban san ko a ina ake sauka ba, amma ina da baki zan tambaya. Zan rufe gidan in ba maƙwabta ajiyar dabbobi, in hau mota in zo. Zan zauna kusa da ke a bencin asibitin, ba hoda, ba jan mayafi, fuskata a buɗe yadda take. Duk mai son kallo ya fara da ni, kafin ya gama da tawa an kira sunanki.

Yatsana ya gaji, cajin ma ya yi ja. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙe addu'ar fita da ta shiga. Ki gaishe min da abokan ɗakinki, ki gaya min sunayensu in riƙa sa su a addu'a. Allah Ya ba ki lafiyar jiki da ta zuciya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki a hanya da makwanci, Ya dawo min da ke lafiya. Na ba Allah ajiyarki.

Ina jiran amsarki, ko kalma ɗaya ce.

Ummanki.